A Wane Mataki Muke Rasa 'Yan Mata a Karatun Kimiyya a Sakkwato?

Malama_Kimiyya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa a Sakkwato ya yarda muna buƙatar likitoci mata, ungozomomi, da mata masu gwajin jini da haɗa magani. Maigida ba ya son namiji ya duba iyalinsa, ita ma matar sau da yawa takan ɓoye ciwo har ya yi nisa don ba ta samu 'yar'uwarta mace da za ta buɗe wa ciki ba. To amma kafin a ce likita, sai an samu yarinyar da aka sa ajin kimiyya a SS1, ta riƙe kayan gwaji da hannunta, ta samu kiredit 5, ta cike JAMB daidai. Tambayata ita ce, a wane mataki suke zubewa? Kuma ba mata kaɗai ba, har yaran ruga, da kurame da makafi da guragu, da 'ya'yan ƙauyukan bakin iyaka irin na Gudu, Tangaza da Illela. Don Allah kada a tsaya a "a wayar da kan iyaye". A faɗi abin da ke lalacewa da yadda ake gyara shi.

Malam_Lissafi_Wurno:
Wa alaikumus salam Malama. Ni a ganina babban rami yana tsakanin JSS3 da SS1, kuma lissafi ne ya haƙa shi. Ana gama jarabawar BECE ta kammala JSS3 sai a raba yara, waɗanda lissafinsu ya yi ƙasa a tura su ajin adabi, shi ke nan an rufe ƙofa tun yarinya tana da shekara 14 ko 15. Waɗanda aka bari a ajin kimiyyar ma, da yawa da gurguwar ƙafa suke shiga.

Abubuwa huɗu ne ke kayar da su, kuma duk na ƙasa ne. Na farko lambar gutsure, wato ta haɗa 1/2 da 1/3 ta samu 5/6 ba 2/5 ba. Na biyu lambobin da ke ƙasa da sifili. Na uku juya fomula, a ba ta V = IR a ce ta fitar da R. Na huɗu rubuta manya da ƙananan lambobi da goma-goma, irin 6.02 × 10²³. Yarinyar da ba ta iya na uku ba ba za ta ci fiziks ba, wadda ba ta iya na huɗu da rabon kaso ba za ta tsaya cak a lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari) na kemistiri, kuma daga mol ne rabin kemistirin SS2 ya rataya.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A makon farko na SS1 a ba su tambaya 20, biyar-biyar a kan kowane ɗaya, ba don maki ba. A ware su gwargwadon inda kowa ya faɗi, a ba su minti 30 kullum na mako 6 kafin a shiga manhaja sosai. Kuskuren da makarantu ke yi shi ne gudun kammala manhaja: malami ya gama littafi, ɗalibai ba su taɓa shiga ba.

Ɗan_Gwadabawa:
Awo, Malam ya faɗi gaskiya. Kuma a lura, ɗiya mace ba ta cika ɗaga hannu ta ce ban gane ba, balle in malamin namiji na kuma ajin a cakuɗe yake. Shirun da tay yi shi aka ɗauka ta gane. Gwajin tambaya 20 ɗin nan shi ka tona asiri.

Hajiya_Lab:
Malam Lissafi, ban musa maka ba, amma ka tsallake firaktikal. Akwai ɗaliban da ranar jarabawar WAEC ce ranar farko da suke taɓa biyuret, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna asid da shi. Hannu na rawa, asid na zuba, minti 20 sun tafi kafin a samu karatu ɗaya.

Shugabannin makarantu suna jin tsoron taitireshan, wato gwajin ɗiga asid cikin wani sinadari har launi ya canza, kamar wani abu mai tsadar gaske, alhali ga lissafinsa. Aji mai ɗalibai 40, a zaunar da su bibbiyu, ana buƙatar biyuret 20 masu cin 50 cm³, fifet (bututun zuƙo ruwa a auna) 20 masu 25 cm³, kwalaben gwaji masu tsukakken baki, da maƙalai. Idan 10 kawai ake da su, a raba ajin gida biyu. Sinadari kuwa, giram 5.3 na busasshen sodiyam kabonet a lita 1 na ruwa yana ba da 0.05 mol a lita. Kimanin 8.6 cm³ na asid ɗin HCl mai ƙarfi, a cika shi zuwa lita 1, yana ba da kusan 0.1 mol a lita. Kowane rukuni zai yi gwaji sau 3 ko 4, don haka lita 2 zuwa 3 na kowanne ya ishi ajin gaba ɗaya har da ɗauraya. Ɗigo 2 na metil oranj, sinadarin da ke nuna canjin launi, a cikin ruwan sodiyam kabonet ɗin ya wadatar. Ruwan yana rawaya, ana sakin asid ana kaɗawa har ya juya ruwan lemo, nan za a tsaya. In ya yi ja sosai an zarce.

Inda maki ke zubewa: ba a ɗauraye biyuret da asid ɗin da za a zuba ba, sai ragowar ruwa ya tsinka shi. An bar mazurari a bakin biyuret yana ɗiga. An bar kumfar iska a ƙasan famfon. An karanta daga sama maimakon a sa ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. An busa ɗigon ƙarshe na fifet, alhali an ƙera shi ne ya rage a ciki. Sai rubutu: lamba biyu bayan ɗigo, kamar 24.50, a sa ma'auni, kuma karatun da za a ɗauki matsakaicinsu kada tazararsu ta wuce 0.20. Yarinyar da ta yi wannan sau 6 kafin SS3 ta huta da fargaba.

Mai_Haɗa_Magani:
Hajiya, a ƙara da maganar ruwa. Yankinmu ƙasar farar ƙasa ce, ita ce ma ta kawo masana'antar siminti Kalambaina, kuma ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da gishirin da ke cin asid. In an haɗa sinadari da shi, karatun duka ajin zai karkace kuma a ɗora wa yara laifi. A nemi tataccen ruwa. Mai sayen "ruwan batir" a kasuwa ya yi hattara, wani tatacce ne, wani asid ne a ciki, a gwada da takardar litmos kafin a zuba. Kuma ƙa'ida ce ba ta canzawa: asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Hajiya_Lab:
Haka ne ɗan'uwa. Ga kuma wanda ya shafi mata kai tsaye: hijabi. Dogon hijabin roba-roba kusa da wutar gwaji hatsari ne, in ya kama narkewa yake ya manne a fata, kuma gefensa na share kwalabe daga kan tebur. Ba a ce a cire ba. A sa gajere na auduga, a cusa shi cikin rigar lab, a ɓalla maɓallai, a sa takalmi rufaffe. In aka bayyana wa iyaye haka tun farkon zango ba wanda zai yi gardama. Fifet kuma a sayi robar zuƙo, a daina sa yara su ja da baki.

Zoɓo_Da_Kanwa:
Ga makarantun da ko kwalba ɗaya babu, akwai abin farawa. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi a tace. A zuba a kofuna masu haske guda 5. A ɗiga lemun tsami a na farko, ruwan tsamiya a na biyu, a bar na uku haka nan, ruwan kanwa a na huɗu, tataccen ruwan toka a na biyar. Masu tsami za su ƙara ja, na kanwa da toka su koma kore-kore mai duhu. Sai a ɗauki na kanwar a riƙa ɗiga lemun tsami ana ƙirga ɗigo har jan ya dawo. Yarinyar da ke sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta riga ta san abin, saura a nuna mata cewa shi ne ke cikin littafi. Bayoloji ma haka: siririn bawon cikin albasa, ɗigon aidin, madubin ƙara girma a kan 100, ga ɗakunan halitta jere reras. Albasa kuwa ba mu da ƙarancinta.

Malam_Lissafi_Wurno:
Yana da kyau ga JSS da farkon SS1, amma kada shugaban makaranta ya fake da zoɓo ya ƙi sayen kaya. WAEC ba za ta kawo zoɓo ba. Biyuret za ta ce a karanta.

Injiniya_Mace:
Fiziks ma yana da nasa mai arha. Zare, ɗan ƙarfe mai nauyi, ma'aunin mita da agogon waya sun isa gwajin lilo. A tsawon santimita 100, lilo 20 zai ɗauki kusan daƙiƙa 40. A maimaita a 80, 60, 40 da 20, a raba lokacin kowanne da 20, a ninka shi da kansa, a zana giraf da tsawon. Layi miƙaƙƙe zai fito, daga gangarensa a fitar da ƙarfin jan ƙasa kusa da 9.8. Abin da ke ɓata shi: auna zaren kawai ba a kai tsakiyar ƙarfen ba, jan lilon ya wuce digiri 10, barin fanka tana kaɗawa, da ƙirga zuwa kaɗai a matsayin lilo ɗaya alhali zuwa da dawowa ne. A giraf kuma, a zaɓi sikelin da zai cinye fiye da rabin takardar, a guji sikelin 3 ko 7 mai wahalar karantawa.

Amma abin da na fi so malamai su lura da shi: a makarantar da ake cakuɗe, in an ce a yi rukuni, maza ke kama waya da batir da mita, a miƙa wa mace biro ta rubuta sakamako. Shekara 3 tana sakatariya. Ko dai a yi rukunin mata zalla, ko a rubuta juyi a allo, kowane gwaji a canza mai haɗawa, mai karantawa da mai rubutawa, malami ya tabbatar an bi.

Baba_Mai_Unguwa:
Ɗiyana, na karanta duk abin da kunka rubuta, Allah shi ƙara sani. Amma kuna magana kamar yarinyar ta riga ta zauna cikin aji. A ƙauyukka da yawa firamare tana nan, ƙaramar sakandare wataƙila, babbar sakandare mai ajin kimiyya kuwa sai an yi tafiyar kilomita 10 ko fiye. Uban da ya ƙi sakin ɗiyatai budurwa ta bi hanyar daji kullum, a wanga hali na tsaro da aka ciki gabashin jiha wajen Isa da Sabon Birni, ba ƙin ilimi yay yi ba. Makarantar kwana ma yanzu mutane na ɗari-ɗari da ita. Sannan ga miji ya fito tana SS1. Ku faɗa muna yadda za a yi da wanga.

Malama_Kimiyya:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce. Ta fuskar addini dai ba mu da abin jayayya a garin nan. Shehu Usmanu da kansa ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo Sakkwato duka ba, jajis, wato malamai mata, ta naɗa suna kai karatu garuruwa ta hanyar 'Yan Taru. Darasin da ke ciki shi ne a matsar da karatun kusa da su. Ƙara ajujuwan SS guda 3 da ɗakin gwaji ɗaya a jikin ƙaramar sakandaren da ke garin ya fi gina katafariyar makaranta a hedikwatar ƙaramar hukuma amfani ga mata.

Yaya_Ungozoma:
Baba, a kan aure, abin da ya fi aiki shi ne a sa maganar karatu cikin sharuɗɗa tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, a faɗi wa zai biya kuɗin jarabawa da wa zai riƙe jariri in ya zo. In aka bar shi a "ai zai bar ta", yawanci a nan yake mutuwa. Kuma wadda ta riga ta fita ba ta makara ba. Akwai cibiyar ci gaba da karatun mata a cikin Sakkwato, akwai jarabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu da ake yi ba tare da makaranta ba. A ta WAEC ɗin firaktikal a takarda ake amsa shi, amma wadda ba ta taɓa ganin kayan ba tana shan wuya, don haka a nema mata ko darasi 5 ne a lab ɗin wata makaranta da yamma.

Abin da ake nema a makarantar jinya da ungozoma kiredit 5 ne: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri, bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Fiziks da Turanci su suka fi tsayar da mata. Akwai kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa ga masu son aikin lafiya a matakin farko. Wadda ta fito daga ƙauye ta yi wannan karatun ita ce mai zama a asibitin ƙauyen, baƙuwa daga birni wata 6 take yi ta nemi canji.

Mai_CBT:
Bari in kawo inda ake rasa waɗanda suka ci komai, wato rajista. Abin takaici ne yarinya ta samu kiredit 8 ta rasa gurbi saboda kuskuren minti 5.

Darussan JAMB 4 ne, Turanci dole. Likitanci, haɗa magani, jinya da gwajin jini: fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniyanci: lissafi, fiziks, kemistiri. Mai neman likitanci da ta sa lissafi a gurbin fiziks ta fita layi ko da ta ci 300. Tun 2021 sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta da ranar haihuwa su yi daidai da na takardar WAEC. A'isha a nan, Aishatu a can, ko sunan uba a gaba a ɗaya a baya a ɗaya, duk yana jawo wahala daga baya. A duba tun SS2, gyara yana ɗaukar lokaci. Layin wayar da aka karɓi lambar rajista da shi ya zama na gidan ne kuma a adana shi, kada a yi da layin mai shago ko na maƙwabci, don ta nan saƙonni ke zuwa. Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito sai an ɗora shi a shafin JAMB, in kuma an ba da gurbi sai an shiga CAPS, sashen ba da gurbi na shafin JAMB, an karɓa. Akwai masu samun gurbi ba su ma sani ba.

Jarabawar kanta tambaya 180 ce a awa 2, 60 na Turanci, 40-40 na sauran, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Wadda ba ta taɓa kama linzamin kwamfuta ba sai ta ɓata minti 15 tana laluben inda ake dannawa. Zama 3 ko 4 na gwaji kafin ranar ya isa ya kawar da wannan.

Ɗalibin_Danfodiyo:
Ƙari a kan na Mai CBT. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a baya a ilimin boko, kuma Sakkwato tana ciki. Ɗiyar Sakkwato da ta zaɓi Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da ƙofa 3 ke nan. Manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ce kashi 60 na ɗauka a jami'a ya tafi fannin kimiyya. Gurbin yana nan, masu cika sharaɗin ne ba su da yawa. Wadda makinta bai kai likitanci ba kada ta zauna gida shekara 3 tana maimaitawa, akwai likitancin dabbobi, noma, kimiyyar ƙananan halittu, koyar da kimiyya, ko ta bi karatun share fage na IJMB ta shiga aji 2 kai tsaye. Kuɗin makaranta kuma tun 2024 akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya (NELFUND) marar ruwa.

Bello_Ruga:
Jama'a an manta da mu. Hukumar ilimin makiyaya tun 1989 aka kafa ta, har akwai cibiyar tsara manhajarta a Jami'ar Danfodiyo, amma yawancin makarantun ruga a firamare suke tsayawa. Yaro ya gama aji 6, ƙaramar sakandare tana gari, ba shi da masauki. Da rani kuma gida ya tashi neman ruwa da ciyawa, zango na biyu da na uku sun tafi. Ga harshe: da Fulatanci ya tashi, malami na bayani da Hausa, littafi da jarabawa da Turanci. Yaran Zabarmawa da Buzaye na bakin iyaka ma haka.

Abin da zai yi aiki: tsofaffi da mata da ke zama a mazaunin damina a bar musu yaran makaranta, a sa wa yaro uban ɗaki amintacce a garin da sakandaren take, kuma a rubuta masa takardar canjin makaranta in dole ya bi shanu. Sannan a fara kimiyyar daga abin da ya sani. Yarinyar da ke ɗaura nono ta san sai an zuba ragowar kindirmon jiya sabon ya kama, kuma ya fi saurin kamawa da zafi. Wannan darasin ƙwayoyin halitta ne cikakke. Wa ya fi dacewa da likitancin dabbobi kamar wanda ya tashi cikin bokoloji da jar akuya?

Malamin_Kurame:
Na gode Malama da kika ambace su. A Sakkwato akwai makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, amma jiha mai ƙananan hukumomi 23 makaranta ɗaya ba ta ɗauke ta. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce.

Kurma ba abin da ke hana shi kemistiri, da idonsa zai ga canjin launi. Matsalar malami ya juya baya yana rubutu yana magana. A rubuta matakan gwaji a allo kafin a fara, a nuna da hannu, a fuskance shi, kuma mai fassara ya samu darasin kwana ɗaya kafin lokaci don kalmomin kimiyya da yawa sai an shirya musu alama. Makaho yana lissafi da abakus da rubutun birel na lissafi. Zanen zuciya ko na waya da batir a yi masa da zare da gam a kan kwali ya shafa. Manhajar NVDA kyauta ce, tana karanta masa abin da ke fuskar kwamfuta. JAMB ma tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarabawa, a faɗi lalurar tun wajen rajista. Mai keke kuwa, gangaren shiga ya zama kowane santimita 1 na tudu a ba shi 12 na tsawo, ƙofa ta kai santimita 90, a rage tebur ɗaya a lab zuwa wajen 75 da sarari a ƙasa. Gangaren da magina ke yi mai tsaye kamar na tura babur, mai keke ba ya hawa shi kaɗai.

Sola_Da_Waya:
A kan kwamfuta, makarantu na karɓar kyauta su kulle a ɗaki don ba wuta. Ga lissafi. Laftof 10, kowace wat 50, awa 4 a yini, ya zama wat-awa 2,000. A ƙara asarar inbata da waya ya kai wajen 2,700. Rana mai ƙarfi a nan awa 5 da rabi ce zuwa 6, don haka faifan sola mai wat 300 guda 2 sun kusa isa, amma a sa 3, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin faifai, ƙurar hunturu ma haka. A wanke su da sassafe sau 2 a mako. Batir mai bolt 12 da 200Ah guda 2 a jere, kada a zuƙe su fiye da rabi, a ajiye su a ɗaki mai iska, ba ƙarƙashin kwano ba, zafi ne ke kashe batir kafin lokacinsa. A guji tsofaffin kwamfutocin tebur, ɗaya na cin wutar laftof 3.

Intanet ba dole ba ne. Manhajojin karatu na Kolibri da Kiwix da gwaje-gwajen PhET duk ana sauke su sau ɗaya su yi aiki ba data. Scratch kuma ya isa fara koyon rubuta manhaja. A ware wa mata ranakunsu a jadawali, in ba haka ba maza ne za su cika kujerun kafin a buga ƙararrawa.

Ɗan_Gwadabawa:
Mai sola, kuɗin wagga sola sun sayi biyuret nawa? Ni dai in an ba ni zaɓi, malamin fiziks guda da littafi ga kowace ɗiya sun fi min laftof 10. Akwai 'yan SS1 da ba su iya karanta sakin layi guda na Turanci su faɗi mi yac ce.

Sola_Da_Waya:
Ban ce a fara da ita ba. Amma JAMB a kwamfuta ake yi tun 2015, ka ji abin da Mai CBT ya ce. Ko laftof 3 ne a samu.

Injiniya_Mace:
Ina da ƙorafi a kan yadda zancen ya faro. Kullum hujjarmu ita ce likita mace don ta duba mata. Gaskiya ne, amma sai yarinya ta ɗauka in ba likita ko nas ba to kimiyya ba ta da amfani gare ta, kuma gurabensu su ne mafi ƙaranci. Cibiyar binciken makamashi tana nan a Jami'ar Danfodiyo. Madatsar Goronyo da fadamun Rima suna buƙatar masu ilimin ruwa da ƙasa. Albasar da ke ruɓewa a rumbu matsalar iska da laima ce, aikin injiniya ne. Kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana da fannonin lantarki da kwamfuta da gwaje-gwaje. Mace mai gyaran sola ko waya tana shiga cikin gidan kulle inda namiji sai an yi masa iso, kuma wayar mace da hotunanta sun fi kwanciyar rai a hannun mace. Uwa-uba malamai: muddin ba mu tura mata su karanci koyar da fiziks da lissafi a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari ba, makarantun mata za su ci gaba da jiran malamin da ba zai zo ba.

Yaya_Ungozoma:
Na yarda, amma da hujjar asibiti ake shawo kan uba. In ta shiga ajin kimiyya sauran ƙofofin a buɗe suke. Wani abu kuma da ba a son faɗa: bayi da ruwa. Yarinyar da ke fashin kwana 3 ko 4 duk wata don ba makewayi mai ƙofa da buta, a zango ɗaya ta rasa kusan mako 2. A tarihi za ta karanta ta cim musu, a lissafi da kemistiri kuwa darasin yau a kan na jiya yake hawa.

Sakataren_SBMC:
Masu tambayar ina kuɗi, shirin AGILE na Bankin Duniya ya fara a 2020 da jihohi 7, Sakkwato ta shiga a rukuni na biyu a 2023. Yana da ɓangaren gyaran makarantu ta hannun kwamitin iyaye da al'umma (SBMC), da tallafin kuɗi ga 'yan mata marasa ƙarfi, da koyar da kwamfuta. Kwamitin ne ke rubuta tsarin abin da makaranta ke buƙata. In ba mai ilimin kimiyya a zaman, fenti da kujeru kawai za a rubuta. Ku da kuka san kayan ku shiga zaman, ku zo da jeri da adadi da farashi. A sa makewayi da ruwa da kabad mai kulle a gaba, don kayan gilashi da madubin ƙara girma in ba ma'aji ƙura da ɓera sun gama da su a shekara ɗaya.

Baba_Mai_Unguwa:
To madalla. Amma har yanzu ba ku ba ni amsar malami ba. In anka ƙara aji ukun da Malama tac ce a ƙauye, wa za ya koyar da fiziks ɗin? Wanda anka turo daga birni ba ya kwana.

Malam_Lissafi_Wurno:
Baba, abin da ake iya yi kafin a samu na dindindin shi ne haɗa makarantu 3 ko 4 da ke kusa su raba malami ɗaya, a tattara darussan fiziks na kowace makaranta a yini ɗaya ko biyu, a ɗauke masa man babur. Kayan gwajin ma su zama akwati ɗaya mai yawo tare da shi. Matsalarsa, in ya yi rashin lafiya makaranta 4 ne suka tsaya, kuma biyuret ba ta son hanyar babur, sai an naɗe kowace a soso cikin bututun roba.

Hajiya_Lab:
Akwai biyuret na roba mai tauri, ba ya fashewa, ya dace da akwatin yawo, sai dai a tabbatar yara sun taɓa na gilashi kafin jarabawa don famfonsu ba ɗaya ba ne. Asid mai ƙarfi kuma kada a ɗora shi a babur ko kusa. A tsinka shi a makarantar da ke da lab, a ɗauki mai 0.1 ɗin a jarka mai murfi da suna a jiki. Sakatare, in za a rubuta jerin, a turo mini adadin 'yan SS2 na kowace makaranta, da shi za a san lita nawa da fifet nawa za a sa.